Wa Ke Da Ikon Cewa "Aboki"?

Hirarmu a majalisa ta yi tsawo a kan kalmar "aboki". A bakinmu kalmar zumunci ce, amma a Legas wasu kan jefa wa mai gadi ko mai wankin takalmi ita da raini, wai bagidaje. Yanzu kuma samarin Arewa sun karɓe ta, suna kiran kansu da ita cikin alfahari. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce, don mutum ya kira kansa da sunan da ake zaginsa da shi, bai ba ka izinin kiransa haka ba. Wani dattijo ya kawo misalin baƙaƙen fatar Amurka, masu furta tsohon zagin zamanin bauta a tsakaninsu, amma ba su yarda farar fata ya furta shi ba.

An daɗe a kan wasan taubashi. Babarbare ya ce Bafulatani bawansa ne, a yi dariya. Haka Bakano da Bazazzagi. A Nijar har UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya al'adar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai a wannan wasa kowa yana da damar ramawa, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Mai gadin da aka kira "aboki" a ƙofar ubangidansa bai isa ya rama ba.

Wasu sun ce a guji rubuta irin wannan barkwanci inda baƙi za su karanta, don rubutu ba ya nuna murmushi. In wanda ka tsokana ya ɓata fuska, ka ba shi haƙuri, ban da "ai wasa nake".