Wane suna za mu ba "marqueur" na dajin ƙashi da Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, malaman makaranta, ƴan rediyo da abokan aikina na asibiti. A ɗakin gwajin jini nake aiki nan Maraɗi, kuma akwai kalmar da ta gagare ni: abin da likitoci ke kira "marqueur pronostique" da Faransanci.

Ga abin da ya tayar da maganar. Wani dattijo ya zo amsar sakamakon ɗansa, yaro ɗan shekara 15. Gwiwa ta yi watanni a kumbure, ana ta kai shi wajen maɗori, ana zaton targaɗen ƙwallo ne. Likita na zargin dajin ƙashi. Dattijon ya ɗora yatsa kan PAL da LDH, abubuwa biyu da muke aunawa a jini, ya ce, "Ɗana, waɗannan da aka ja wa layi, me suke faɗi?" Na ce, "Baba, alamomi ne, likita zai yi maka bayani." Ya ce, "Alama ai ga ta nan a ƙafarsa, kowa na gani." Na yi shiru, don gaskiyarsa ce.

Bari in fara faɗin mene ne abin, kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna.

Dajin ƙashin da ya fi kama matasa, ostiyosarkom, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 da 20, lokacin da ƙashi ke saurin tsawo. Galibi a gwiwa yake, ƙarshen ƙashin cinya ko kan ƙashin ƙwauri. In zai yaɗu, huhu yake fara nufa. Inda ake da cikakken magani, wato shimiyo (magungunan kashe ƙwayoyin daji), sannan aiki, sannan a sake shimiyo, 60 zuwa 70 cikin 100 na waɗanda ciwonsu bai yaɗu ba suna kai shekara 5 da rai. In ya riga ya kai huhu, 20 zuwa 30 ne. Amma ko a cikin waɗanda bai yaɗu ba, sai ka ga yara biyu, ciwo iri ɗaya, magani ɗaya, wannan ya miƙe, wancan ciwon ya dawo masa. Shi ya sa ake neman abin da za a auna tun farko a gane wane ciwo ne mai gaggawa.

PAL furotin ne da ƙwayoyin da ke gina ƙashi ke fitarwa, LDH kuma yana ƙaruwa a jini in ƙwayoyin jiki na yawan lalacewa. An daɗe da lura cewa masu wannan daji da aka samu waɗannan biyun sun hau tun kafin magani, ciwonsu ya fi wuyar sha'ani. Sai dai PAL yana hawa ga duk yaron da ke girma, da mai karaya da ke warkewa, da mai ciwon hanta. Akwai wasu da ba a jini ake duba su ba, a yankin tsokar da aka ɗebo daga kumburin ne. Ezrin, wani furotin, an danganta shi da yaɗuwa zuwa huhu. P-glikofurotin kamar mai kwarfe ruwa daga kwale-kwale yake: maganin shimiyo irin su dokzorubisin na shiga ƙwayar dajin, shi yana fitar da shi. Waɗannan biyun har yanzu a hannun masu bincike suka fi yawa.

To, kun ga jaririn. Ba ciwon ba ne, ba kuma hukunci ba ne. Abu ne da ake aunawa, yana karkata tunanin likita.

Na riga na yi wa wasu wannan tambayar, madalla da waɗanda suka amsa. Bari in bi su.

"Alama" dattijon nan ya riga ya kayar da ita. Kumburi, zafi da dare, ɗingishi, su ne alamun ciwo, mu bar musu sunansu.

Wani malami daga Tibiri ya ce "shaida", kamar wadda ake yi wa dabba. Malam, na ji daɗinta, amma shaida tabbatarwa take yi: wannan saniyar wane ce. PAL ba ya tabbatar da kome. Sai an ɗebo tsoka an duba ake cewa daji ne. In muka ce shaida, duk uwar da ta ga PAL ɗin ɗanta ya hau za ta kwana da kuka, alhali yaron tsawo kawai yake yi.

"Sawu" ma an kawo, kuma kyakkyawar Hausa ce. Amma sawu inda aka wuce yake nunawa, mu kuwa gaba muke dubawa.

Wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce "mai hasashen makoma", da wani ƙanena ɗalibin likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya kawo. Ƙanena, a takarda ka fassara daidai. Yanzu ka fita daga aji, ka tsaya gaban tsohuwa daga Madarunfa ka ce mata an auna makomar jikanta. Mu in mun ce Allah ya kyautata makoma, ka san inda muke nufi. Ko dai ta ji ka yi wa yaron ta'aziyya da ransa, ko ta ji likita ya zama ɗan duba, yana shiga gaibun da Allah kaɗai ya sani. Ko wanne ta ji, yaron za a ɗauke a koma gida. Kuma mutanen nan dama da tsoron yanke ƙafa suke zuwa, shi ne ma ke sa su makara. Ni wannan ne ya hana ni barci, ba ƙa'idar fassara ba. Kalmar da za ta kori majinyaci daga asibiti ba ni sonta ko da ta fi kowace daidai.

Wata Hajiya, tsohuwar ungozoma, ta rubuto abin da ya warware mini. Ta ce manomi in ya ga shamuwa ta sauka ya san damina ta kusa, ya gyara gona, ya fito da iri, amma bai taɓa cewa ya san ranar da za a yi ruwan shuka ba, kuma ba wanda ya ce ya yi duba. Ta ce, "Ɗana, nuni abin nan yake yi, ka ce manuni." Inna, Allah ya saka da alheri.

Manuni ya zauna mini. Yana nuna hanya, ba ya kai ka. Kuma yana haihuwa, don kalmar Faransancin ma kashi uku ce: manunin gano ciwo, mai taimakawa a san wane ciwo ne, manunin tafiyar ciwo, shi ne namu na yau, da manunin amsar magani, tunda dama muna cewa magani ya amshe shi ko bai amshe shi ba. P-glikofurotin a na ukun ake sa ran ya zauna. An ce "alƙiblar ciwo" ta fi armashi. Ta fi, amma "tafiya" tana da sauri da sanyi, tana iya tsayawa, tana iya juyawa, kuma haka ciwon yake a hannun magani.

"Furotin" na bar shi yadda yake. "Sinadarin gina jiki" nama da wake da ƙwai yake kawowa a rai, sai uba ya zaci abinci ne ya yi wa yaron yawa.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ya kamata irin wannan bayani ya fito da ita ba tare da kame-kame ba. Ga yadda zan faɗa in wani uban ya sake ɗora yatsa a takarda: "Baba, wannan manunin tafiyar ciwo ne. Ya hau, don haka likita zai so a duba huhu, a kuma fara magani ba jinkiri. Shi kaɗai ba ya yanke kome, sai an haɗa da hoto da gwajin tsoka." Abokan aiki na Tasawa, Dakwaro da Gidan Rumji, ku gwada ta a kunnen mutanenku, ku faɗa mini yadda suka ji ta.