Wata takwas da haihuwa, kilo 12 sun ƙi sauka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin in samu ciki ina kilo 64, ranar awo na ƙarshe na kai 81, yanzu wata takwas da haihuwa amma sikeli ya tsaya a 76 ya ƙi motsi, tumbin nan kamar mai cikin wata biyar, zannuwan fitar suna ma ba sa rufe ni. Na ɗaure ciki har arba'in, na daina kunun kanwa da lemon kwalba, ina tattaki minti 30 bayan asuba. Da na rage tuwon dare sai nono ya ja baya, yaro ya kwana kuka, dole na koma ci. Don Allah wane abinci zan rage wanda ba zai taɓa ruwan nono ba?