Rigar hambirki da na saya ta ƙi zama, ku taimaka

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar Opel Astra da nake taksi da ita nan Kumasi, fatar nan da take rufe gindin hambirki, wato birkin hannu, duk ta ɓare ta tsage, har ƙarfen ciki ana gani, kwabbai da ɓawon gyaɗa sai faɗawa suke a ramin. Na yi odar sabuwa ta intanet, irin wadda suke cewa tana shiga kowace mota, baƙa mai jan zare, kyakkyawa wallahi. To ta iso, sai na ga ashe fata ce zalla kamar hular da ba ta da baki, babu robar da za ta kama ƙasa. Na zura ta haka nan, da na ja birki sai ta biyo hannuna sama. Yaya ake sa ta ne? Ko na yi asara?

Masta Fita Suame:
Wa alaikumus salam. Ɗana ba ka yi asara ba, amma tambaya ɗaya, tsohuwar tana nan? Kar ka kuskura ka yar da ita. A gindinta akwai firam na roba mai 'yan haƙora, shi ke kama jikin kwansol, wato robar da ke tsakanin kujerun gaba, kuma shi za ka ɗora wa sabuwar. Ka tsayar da mota a wuri mai lebur, ka sa giya ɗaya, ka ja hambirki sama iyakarsa, sannan ka sa sukudireba mai faɗin baki da ka naɗe da tsumma ka ɗaga firam ɗin a hankali ta gefe. A hankali na ce, don robar motar da ta sha ranar Gana shekara da shekaru ta zama kamar biskit, haƙori ɗaya ya karye shike nan sai ka zo Magazin, kasuwar kayan mota ta Suame nan Kumasi, kana bi shago shago kana neman na gwanjo.
Idan ya fita ka juye fatar ciki ya koma waje kamar kana cire safa, za ka ga inda aka ɗaure wuyanta a ƙasan mariƙi, ka yanke ɗaurin. Ka ɓamɓare tsohuwar daga firam, ka kankare busasshen gam tas. Sabuwar kuma gam ɗin masu gyaran takalmi za ka shafa, a firam da bakin fatar duka, ka bari kamar minti 10 ya sha iska har ya daina bin yatsa kafin ka haɗa. Ban da sufa gulu, yana sandarar da fata ya bar farin tabo.

Ɗan Aboabo:
Masta Allah ya saka da alheri, tana nan cikin but, saura ƙiris yaro ya kai ta bola jiya. To wuyan fa, da me zan ɗaure?

Masta Fita Suame:
Da siririyar robar nan da masu waya suke ɗaure wayoyi da ita, mai ƙara kir kir in ka ja. Ka zura rigar a juye, ƙaramin bakin ya fara shiga, ka daidaita ɗinkin ya kalli sama tsakiya sosai, ka ɗaure, ka yanke jelar, sai ka warware ta ƙasa ka danna firam har ka ji ƙas.

Direban Nima:
Ku yi haƙuri Masta in ƙara abu ɗaya da ya same ni. Tawa a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, na saya, ta yi tsawo, ni kuma da ganin kyau sai na cusa ragowar cikin ramin na rufe. Ashe ta dunƙule ƙarƙashin ƙarfen, hambirki ba ya sauka har ƙasa, jar fitilar birki tana kunne a dashbod ni ina cewa ai matsalar waya ce. Daga Nima zuwa Madina na fara jin ƙauri, na tsaya na kai hannu kusa da rim ɗin baya, zafi kamar kaskon waina. Birkin baya yana riƙe duk hanyar, sai da na canza shu ɗin birkin. Don haka ɗan'uwa kafin gam ya kama ka gwada, ja sama saki ƙasa sau biyar shida, ka ga fatar ba ta ɗame ba in yana sama, in ya sauka kuma fitila ta mutu. Ragowar ka yanke da almakashi, kar ka ji tausayinta. Kuma za ka ga wani noti a jikin kebul in ka buɗe, na saitin birki ne, kar ka taɓa shi.

Baban Asawase:
Ni dai abin da ke damuna, da yawa cikin na intanet ɗin nan leda ce aka yi wa kamannin fata, zafin cikin mota in ta kwana biyu a rana sai ta soma ɓarewa. Muna da dukawa a zango masu ɗinka gidan wuƙa da takalmi, ka farke tsohuwar ta bin ɗinki, ka kai musu su ɗora kan fatar akuya ta gaske su yanka daidai da ita, ba tsawo ba gajarta. Tawa haka aka yi, sai dai in ɗan goga mata man kaɗanya lokacin hunturu. Ka sa wannan tunda ka riga ka biya, amma ka adana tsohuwar.

Ɗan Aboabo:
Na gode iyayena. Na sa ta bayan la'asar, haƙori ɗaya ya ɗan tsage amma ya kama, fitila na mutuwa. Baba wane layi badukun naka yake? Ta giya ma ta fara ɓarewa.