Masu lissafin yiwuwa, me kuke ce wa 'yan gida?

Ɗalibi, Gwammaja: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a BUK, bincikena a kan lissafin yiwuwar aukuwar abu ne. Kawuna ya tambaye ni me nake karantawa, ina gama bayani ya ce, "To, wannan in ba caca ba ce, duba ne." Don Allah yayyena, ku yaya kuka ƙare da naku?

Malamin sakandare, Fagge: Wa'alaikumus salam. Kawu fa bai yi nisa da gaskiya ba. A 1654 masana lissafi Pascal da Fermat suka yi ta aika wa juna wasiƙu a Faransa kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya katse ba a gama ba. Ni ban ɓoye wa Baba wannan ba. Na dai ƙara masa da cewa lissafin nan ne ke nuna duk daɗewar yaro a shagon cacar ƙwallo, mai shago ne zai tashi da riba. Yanzu shi ke turo min samarin layinmu in yi musu faɗa.

Lakcara mai ritaya, Kabuga: Ɗana, ni da labarin masanin lissafi Kolmogorov na gwada. An haife shi a Tambov ta Rasha a 1903. A 1933, yana ɗan shekara 30, ya fitar da ɗan siririn littafi da Jamusanci wanda ya ɗora fannin kan ƙa'idoji kaɗan: yiwuwa lamba ce daga 0 zuwa 1, abin da ba makawa ya faru 1 ne, abubuwan da ba sa aukuwa tare kuma tara nasu ake yi. Kafin nan manyan malaman lissafi da yawa kallon wasan yara suke wa fannin. Ya yi aikinsa a Jami'ar Mosko, a 1941 ya yi bincike kan hargitsin ruwa da iska, a 1963 ya taimaka aka buɗe makarantar kwana ta yara masu hazaƙa, ya rasu a 1987. Yayana, ɗan kasuwar Kwari, ya saurara tsaf har na dasa aya, sannan ya ce, "Gidaje nawa ya bari?"

Malamin sakandare, Fagge: Ranka ya daɗe, ai Alhaji ya yi tambaya mai ma'ana!

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni: Ni ba fannina ba ne, amma kullum da shi nake aiki. Ƙanina, ka daina kawo musu Turawa, ka kawo musu sikila. Idan mai rukunin jini AS (wanda ke ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon) ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS (mai sikila), biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Wurin "kowane ciki" ɗin nan ake samun matsala. Wata baiwar Allah ta zo min tana kuka, 'ya'yanta uku lafiya lau, wai na huɗun nan dole shi ne SS ɗin. Wata kuma ɗan farinta SS ne, ta saki jiki wai ta riga ta biya bashi, uku masu zuwa lafiya. Dukansu sai da na zaunar da su: ciki ba ya tuna na gabansa, kowanne daga farko ake sake lissafi.

Goggona ta ce min komai ƙaddara ne. Na ce haka ne Goggo, ni ma ban ce na san wanda zai zo ba, sanin gaibu sai Allah. Ta yi shiru, can ta ce in rubuta mata sunan gwajin jinin sikila a takarda, jikarta an kawo kuɗin gaisuwa.