Manja da miyar tumatir sun ƙi fita daga farar rigar aikina, ina mafita?

Kukun Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Girki nake yi a wani gidan abinci, kuma dokar wurin sai da farar riga da farin efuron, wato ƙyallen da muke ɗaurawa a gaba. Riguna uku gare ni, ina juya su. Abin da ke ɓata min su manja ne da miyar tumatir, sai ɗan korin da muke zubawa a soyayyar shinkafa. Duk ranar da na tashi aiki ina jiƙa su a omo haɗe da Hypo su kwana, da safe in wanke, in shanya, in goge. Jan yana tafiya, amma sai ya bar wani shaci ruwan ɗorawa a ƙirji da bakin aljihu. Yanzu ma rigunan gaba ɗaya sun fara dusashewa suna komawa kalar madara, ɗaya har ta soma yagewa a bakin hannu. A jikin takardar wuyan an rubuta foliyesta 65, auduga 35. Da ruwan burtsatse nake wanki. Don Allah masu sani ku taimaka, ina ne kuskuren?

Baba Mai Wanki da Guga

Wa alaikumus salam. Ɗana, tabon manja abu biyu ne a haɗe: akwai maiƙo, akwai launi. Hypo launi yake ci, ba ya narkar da mai. Shi ya sa jan ke tafiya ya bar maka shaci. Wannan shacin man ne yake zaune cikin zare, kuma duk lokacin da ka ɗora dutsen guga a kai ƙara gasa shi kake yi. Ga shi yadinka foliyesta ya fi yawa, shi kuwa foliyesta yana riƙe mai fiye da auduga nesa ba kusa ba. Don haka maiƙo za ka fara fitarwa, launi ya biyo baya, guga kuma sai ido ya tabbatar babu komai.

Tun a wurin aiki aikin ke farawa. In miya ta fallatso maka, kada ka murza da tsumma, murzawa tura ta cikin zare take yi ta kuma faɗaɗa tabon. Ka sa bakin cokali ka kwashe abin da ke sama, sannan ka barbaɗa garin sitaci ko fulawa, abin da dai ke kusa da kai a kicin, ya rufe wurin. Bayan minti 10 zuwa 15 ka kakkaɓe. Za ka ga garin ya dunƙule ya yi ja, to wannan man da ya tsotse ne.

In ka koma gida, kada ka tsoma rigar a ruwa tukuna. Tana busasshiya za ka ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, irin su Morning Fresh ko Mama Lemon, kamar rabin cokalin shayi a kan kowane tabo mai faɗin tafin yaro. An yi wannan sabulun ne musamman don maiƙo, kuma in zaren ya riga ya sha ruwa ba ya ratsa shi sosai. Ka juya rigar bai-bai ka shafa ta bayan ma, ka ɗan dirza da tsohon burushin haƙori daga gefen tabon zuwa tsakiya. Ka bar shi minti 20. Daga nan ka ɗauraye da ruwa mai zafi, kana zubawa ta bayan yadin don man ya fita ta inda ya shigo. Zafin da ake so wajen digiri 60 ne. Ba sai da ma'auni ba: tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ruwan sanyi kofi ɗaya, ka haɗa, ya kai kusan haka.

Sai jiƙo. Ruwan ɗumi lita 5, wato ledar fiya wata goma, omo cokalin cin abinci 3, ka kaɗa ya narke kafin ka sa rigar. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa, ba sai ta kwana ba. Ka cuɗa, ka ɗauraye sau uku har ruwan ya daina santsi.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba sa ba muhimmanci: rana. Jan manja da jan tumatir duk ba sa jure hasken rana. Ka shanya rigar tana jiƙe, wurin tabon yana kallon rana kai tsaye, awa biyu zuwa uku. Sau da yawa ɗan launin ruwan lemon da ya saura bayan wanki a kan igiya yake ɓacewa. In ta bushe da sauran alama, ka yayyafa ruwa a wurin ka sake barin ta. Da hunturu dai kada ka bar ta ta wuni a waje, ƙura za ta maida maka aiki baya.

Kafin guga ka ɗaga rigar ka duba ta a haske. Tabon mai ba ya nunawa sosai in yadi na jiƙe, sai ya bushe. In ka ga wurin ya ɗan fi sauran duhu, ka ajiye dutsen, ka maimaita sabulun wanke-wanke.

Hajiya Mai Abinci

Baba ya gama magana a kan manja, Allah ya ƙara girma. Ni kan sauran tabon kicin zan ƙara, don ba duka ake bi da hanya ɗaya ba, kuma ruwan zafin da ke taimakon manja shi ne ke lalata wani.

Kori da ka ambata, kurkum ne a cikinsa yake ba shi wannan ruwan ɗorawar. Halinsa shi ne da zarar sabulu ko kanwa ta taɓa shi sai ya koma ja jawur. Kada hankalinka ya tashi in ka ga haka, ba ƙaruwa tabon ya yi ba. Ka ɗauraye, ka matsa lemon tsami a wurin, zai koma ruwan ɗorawa mai haske. Tunda da mai ake soya shi, ka fara da sabulun wanke-wanke kamar yadda Baba ya faɗa, sannan ka miƙa wa rana sauran aikin. Kurkum yana saurin mutuwa a rana, wani lokaci dai sai an shanya kwana biyu a jere.

Jinin nama ko na kaza, ƙwai da madara, waɗannan ruwan sanyi kawai. Ka tuna yadda ƙwai ke daskarewa a kasko, haka yake yi cikin zare in ya ji zafi, kuma in ya daskare fitarsa sai an sha wuya. Ka ɗauraye da ruwan sanyi nan take, ka jiƙa a ruwan gishiri, cokali 2 a lita ɗaya, na rabin awa, sannan omo. In rigar ta haɗa jini da manja a rana ɗaya, jinin za ka fara fitarwa da ruwan sanyi, sai ka tabbatar ya tafi kafin ruwan zafi ya taɓa ta.

Zoɓo da shayi da goro kuma kada ka goga musu sabulun bulo, ko na wanki ko sabulun salo. Zoɓo yana haɗuwa da sabulu zai rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi mai toka, shayi kuma ya ƙara kamawa. Ka ɗauraye ta bayan yadin da ruwa zalla, ka sa lemon tsami minti 10, ka ɗauraye, sannan omo. Baƙin shayi marar madara, ka ɗaure wurin tabon a bakin roba ya miƙe kamar fatar ganga, ka tsiyayo ruwan zafi daga buta daga ɗan nesa, za ka ga yana wucewa ƙasa. Mai madara kuwa sanyi tukuna.

Shawarata ta ƙarshe gare ka, ƙanena, efuron ɗin ka nemi na auduga zalla, ka riƙa sa masa sitaci kaɗan. Miyar kan sitacin take fara zama, in an wanke su tafi tare.

Malamar Kimiyya

Ina so in tsaya kan dusashewar rigunan da yagewar nan, domin wannan ba laifin manja ba ne, aikin bilic ne, wato Hypo ɗin nan, da ruwan burtsatse.

Hypo da Jik da ire-irensu sinadari ɗaya ne, na kulorin. In auduga ta kwana a cikinsa yana cin zaren, shi ya sa bakin hannu, inda aka fi dirza, ya fara yagewa. Sannan farin yadi daga masaƙa ana sa masa wani sinadari mai ƙara haske, bilic mai yawa yana kashe shi, sai yadin ya koma kalar madara. In kuma ba a ɗauraye sosai ba aka ɗora dutse mai zafi, ragowar kulorin ta ƙara ƙona zaren. Haɗa shi da omo a bokiti ɗaya ma asara ce: omo irin su Ariel na ɗauke da sinadaran da ke narkar da ragowar abinci, bilic kuwa kashe su yake yi tun kafin su yi aiki.

Sai ruwan. Burtsatse da yawa ruwansu na ɗauke da ƙarfe a narke, ido ba ya ganinsa. Bilic na shiga sai ƙarfen ya zama tsatsa ya kwanta a kan farin kaya. Gwajin mai sauƙi ne: ka cika farar kwalbar roba da ruwan, ka ɗiga bilic kaɗan, ka ajiye awa ɗaya. In ya yi ruwan ɗorawa ko ka ga jan gari a gindin kwalbar, to akwai ƙarfe. In haka ne, ka daina haɗa wannan ruwan da bilic gaba ɗaya. Ka ɗebi ruwan wanki tun dare a buɗaɗɗen baho, da safe ka tsiyaye na sama ka bar na ƙasa, ko ka nemi ruwan famfo, ko na sama da damina. Ɗigon tsatsa da ya riga ya fito a riga, lemon tsami da gishiri za ka shafa, ka sa a rana rabin awa zuwa awa, ka ɗauraye. Bilic ba ya cire tsatsa, ƙara mata duhu yake yi.

Abin da ya fi dacewa da yadi irin naka shi ne bilic marar kulorin, irin garin Vanish, ko haidurojin da ake sayarwa a kyamis don wanke ciwo. Garin ka bi ma'aunin da ke jikin robar, a ruwa mai ɗumi sosai, don a ruwan sanyi ba ya aiki sosai. Haidurojin kuma ka duba kwalbar: mai ƙarfin 3 cikin 100 ana ɗigawa kai tsaye, in 6 ce ka sirka da ruwa daidai wa daida. Minti 15, sannan a ɗauraye. Yana da kyau ga tsohon jini da goro da ragowar zoɓo.

In dole sai Hypo, to ga auduga zalla, bayan an riga an fitar da mai: cokali 4 a ruwan sanyi lita 5, a kaɗa kafin kaya su shiga, minti 10, a ɗauraye sau uku. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar.

Wannan kuma don Allah kowa ya riƙe shi da gaske: kada a taɓa haɗa bilic da lemon tsami, ko ruwan khal, ko maganin wanke banɗaki. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, musamman a rufaffen banɗaki inda ake yawan yin jiƙo. In ka sa lemon tsami a riga, sai ka wanke ta tas kafin bilic ya kusance ta, haka ma in bilic ne ya riga.

Kukun Fagge

Na gode ƙwarai Baba, Hajiya da Malama, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya. Tsofaffin shacin da na riga na goge sau da yawa, akwai sauran fata? Wani ya ce in shafa kananzir, wani kuma ya ce in dafa rigunan a tukunya, sannan in sa bula.

Baba Mai Wanki da Guga

Kananzir kam a'a. Yana narkar da mai, gaskiya ne, amma kai a bakin wuta kake wuni, kuma warinsa ba ya barin foliyesta da sauri, zai bi ka har kan abincin mutane. Dafawa kuma ta tsumman kicin ce da auduga zalla. Rigarka in ta tafasa za ta yamutse, ta yi karaya-karayar da dutse ba ya miƙarwa.

Tsohon shaci ga yadda za ka yi. Ka kwaɓa sabulun wanke-wanke cokali 1 da bekin soda cokali 1 su yi kauri kamar man goge baki. Ka shafa a busasshen tabon gaba da baya, ka naɗe rigar ka sa a leda don kada ya bushe, ta kwana. Da safe burushi, sai ruwan zafin nan na kofi ɗaya da kofi ɗaya, sai jiƙo a garin da Malama ta faɗa na awa huɗu zuwa shida, sai rana. Kada ka goge. Ka maimaita har sau uku a kwanaki daban-daban. Wanda zai fita za ka ga yana raguwa tun zagaye na biyu. Wanda ya kai zagaye na uku bai motsa ba ya riga ya gasu cikin zare, kada ka ƙara wahalar da yadin, ka mayar da ita rigar aikin safe lokacin gyaran kayan miya.

Bula ba ta cire komai, ido kawai take rufewa, ta sa dusashen fari ya yi kamar ya fi haske. A kan tabon mai ma kama wurin take yi ya ƙara fitowa fili. Sai rigar ta fita tas za ka sa ta, a ruwan ɗauraya na ƙarshe: ka narkar da ita a kofi daban, ka tace da tsumma cikin bokitin, ruwan ya yi shuɗi kaɗan yadda kana iya ganin tafin hannunka a ciki. Ka warware rigar ka tsoma, ka juya, ka cire nan take, in ta zauna a ciki za ta yi dabbare-dabbare.