Ombre ko balayage: wanne ya dace da mai kitso?

Assalamu alaikum matan gida. Anti admin, don Allah a ɓoye sunana. Bikin ƙanwar maigidana saura sati uku, ina so in canza wa gashina kala. Na je wani salun a nan Tumfure, mai gyaran ta nuna min hotuna iri biyu a wayarta. Ɗaya ombre ne: sama baƙi, daga tsakiya ya fara haske har jelar ta koma ruwan zuma. Ɗayan balayage, haske ne siri-siri da aka warwatsa cikin gashin, kuma ya fi tsada. Gashina ya sauko kafaɗa, ina sa masa rilaksa, na ƙarshe watan jiya ne, kuma nakan sa lalle jefi-jefi. Yawanci cikin kitso nake. Wanne zan ɗauka?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Tunda mai kitso ce ke, ombre kawai. In aka yi miki shuku ko kalaba, jelar ce ke fita, kuma nan ombre yake tara haskensa. Balayage sai gashi yana sake yake nuna kyau. Ana kitse shi sai ki ga kamar furfura ce ta fara leƙowa nan da can. Kuɗinki ya tafi a banza.

Anti mai salun, Jekadafari:
Ƙanwata, aikina ne, bari in gaya miki abin da ya kamata a fara gaya miki kafin a nuna miki hoto. Duka biyun sai da bilic, wato maganin da ke cire baƙin gashi, domin baƙin gashi ba ya komawa ruwan zuma da rini kaɗai. Ana kwaɓa hodar bilic da ruwan difelofa, wato ruwan da ke sa bilic ɗin ya yi aiki, mai lamba 10, 20, 30 ko 40. Mai 20 kashi 6 cikin ɗari na hydrogen peroxide ke cikinsa, mai 40 kashi 12, wato ya fi ƙarfi. Gashinmu in ya fara haske ja yake fara yi, sannan ruwan lemu, sannan rawaya. Mai gaggawa sai ta ɗauko mai 40 don a gama da wuri, a nan ake asarar gashi.

Ke kuma rilaksa ya riga ya raunana naki. Jelar gashi ita ce mafi tsufa, ita ta fi shan rilaksa da tsefewa, kuma ombre ita yake jiƙewa da bilic gaba ɗaya. Na taɓa karɓar wata da aka yi wa haka a wani wuri: in ka ja silin gashin yana jiƙe sai ya miƙe kamar cingam, ya tsinke a hannu. Almakashi muka sa. Balayage da burushi ake shafa shi a saman wasu silalla, sauran gashin ba a taɓa shi, shi ya sa ɓarnarsa ta fi sauƙi, kuma ɗaukar lokacin da yake yi ne ya sa ya fi kuɗi.

Sai lalle. Ba ya fita daga gashi da sauƙi, bilic a kansa yakan ba da ruwan lemu mai ƙarfi, wani wuri ya kama wani ya ƙi. In kuma kin taɓa sa baƙin rini na kwali, ki faɗa mata tun kafin ta kwaɓa komai.

Hajiya Babba, Bolari:
'Yata, gashin da ke ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, daga maigida sai mata 'yan uwanki ke gani, me zai sa ki kai shi ga wuta? Ki kwaɓa lallenki, ki shafa daga tsakiya zuwa jela kawai, ki bar sama da baƙinsa. Jan da zai yi ba mai ƙarfi ba ne, amma a haske yana fita. Kuma lalle ba ya hana ruwan alwala ko na wanka shiga.

Ummu Hanan:
Anti mai salun ta gama magana. Ni balayage na yi bara, gashina ba rilaksa. Daɗinsa ba ya taɓa tushe, gashi kuma wajen santimita 1 yake fitowa a wata, don haka ko ya tsiro ba layin da zai tona miki asiri. Amma hunturun Gombe bai raga min ba, sai da na riƙe man kaɗanya da sitimin duk sati.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, ke nan ko balayage ɗin ma in haƙura? Wallahi kalar ta shiga raina.

Anti mai salun, Jekadafari:
Don wannan bikin dai ki haƙura da bilic, rilaksan bai daɗe ba. Shawarar Hajiya za ta fitar da ke, sai dai ki sani ƙarin lalle zai ƙara wahalar da bilic nan gaba. In har yanzu ranki na kan ruwan zuma bayan biki, ki dakata da lallen, ki bar gashin ya huta wata biyu ko uku. Sannan a yanki 'yan silalla daga ƙeya a gwada da mai 20. Rinin da za a bi bilic ɗin da shi kuma a ɗiga miki a bayan kunne, ki jira awa 48 ki ga ko zai yi ƙaiƙayi. In silin ya jure, a yi miki balayage mai sauƙi, a ɗan yawaita shi wajen jela don ya fito a kitso.