Yaya zan tsara addu'ar masu bi a wannan Azumi?

'Yan'uwa cikin Kristi, ina neman shawararku. Tun Larabar Toka, ranar da muke fara Azumin kafin Ista, katekis ɗinmu (mai koyar da addini a cocinmu) ya ɗora mini rubuta addu'ar masu bi ta kowace Lahadi, wato roƙe-roƙen da ake karantawa a madadin jama'a a lokacin Misa. Tsarin na san shi: a fara da Ikkilisiya da Fafaroma, sai shugabanni da zaman lafiyar duniya, sai masu shan wahala, a ƙare da jama'armu.

A na ukun na maƙale. Bayan Misa mutane kan miƙo mini 'yan takardu ɗauke da sunayen marasa lafiya, da waɗanda aka raba da gonakinsu. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta riƙe hannuna tana kuka, ɗanta yana hannun masu garkuwa. Tana so a yi masa addu'a, mijinta kuwa ya hana a ambaci sunan, yana tsoron kada magana ta kai daji. Fada kuma ya ce kowane roƙo ya zama gajere.

Na gwada cewa "waɗanda ke tsare", amma ta ce ba ta ji ɗanta a ciki ba. Ga Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu, tana zuwa, roƙe-roƙenta 10 Ikkilisiya ta riga ta rubuta su, ba na iya ƙari. Ku da kuka taɓa wannan hidima, wane lafazi zai sanyaya zuciyarta ba tare da kiran suna ba?